Ƙyauren da Winnie Holroyd Ta Rufe

An kwana ana yayyafi, amma kafin gari ya waye ruwan ya ɗauke. Asabar ce cikin watan Mayu. Da muka sauka daga jirgin ƙasa a ƙaramar tashar Long Preston, rana ta ɗan leƙo, ciyawa na ta da tururi kamar an sauke tukunya, iska kuwa ta tsaya cak. Irin ranar nan ce da mutum zai rasa yadda zai yi da rigar ruwansa, in ya sa gumi ya dame shi, in ya cire sanyi ya shiga masa ƙashi. Ƙudaje sun fito da wuri. Winnie Holroyd ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Arnold, ni fa ba na son wannan shirun na yau."

Na ce, "Ke da kunnenki ɗaya ya mutu tuntuni, yaushe kika san bambancin shiru da hayaniya?"

Ta zungure ni da sandarta a ƙafa, muka kama hanya.

Mu 'yan tattaki ne daga Keighley, yawancinmu tsofaffi da suka ajiye aiki. Kowace Asabar mukan hau jirgin safe mu sauka a wata tashar ƙauye, mu bi hanyoyin ƙafa ta cikin gonaki da tuddai, mu ɓulla wata tashar mu hau na yamma. Clifford Binns ne ke shiga gaba da taswira rataye a wuya, shi muke kira Kai. Winnie ce Wutsiya. Aikin Wutsiya shi ne ta zo bayan kowa. In wani ya tsaya ɗaure takalmi ta tsaya, in wata ta shiga bayan katanga don uzuri ta jira ta. Ba ta wuce kowa. Usur na rataye a wuyanta saboda ko wani ya faɗi. Kuma ita ce mai rufe ƙyauren kowace gona bayan an wuce. Ni na shiga ƙungiyar ne bayan rasuwar matata, da gwiwa mai ciwo, don haka kusan kullum ni da Winnie ne a baya. A nan na san ta.

A wani layi bayan masaƙar ulu aka haife ta. Tana barin makaranta ta shiga masaƙar, ba ta fito ba sai da aka rufe wurin. Ƙarar injin ce ta cinye mata kunnen hagu, na daman ma saura kaɗan ne. Bakin mutum take kallo in yana magana, kamar duk matan masaƙa na zamaninta. Ba ta yi aure ba. Ta yi jinyar mahaifinta har ya rasu, sannan ta zauna ita kaɗai a gidan. 'Yar ƙaramar mace ce, da hula ruwan ɗorawa da ta saƙa da kanta, wai don a riƙa hango ta daga nesa.

Ban taɓa ganin mace mai tsoro kamarta ba, kuma ba ta ɓoyewa. Tana tsoron tsawa, tana tsoron karen da bai kai tafin hannu ba. Sau da yawa sai mun kusa tasha ta koma gida ta duba ko ta kashe murhu. Amma babu abin da ke tayar mata da hankali kamar ƙyaure a buɗe. In ta rufe sai ta naɗa sarƙa ta ɗame, ta jijjiga, ta yi gaba kaɗan ta waiwayo. Clifford yakan ce, "Wutsiya, a bar wa manomin hanyar shiga gonarsa mana. Ƙyauren da kika ɗaure sai da maƙeri."

Wata rana a jirgi ta gaya mini dalili, fuskarta na kallon taga. Tun tana 'yar yarinya mahaifinta kan tafi da ita tudu ranar Lahadi tare da mutanen cocinsu, don ƙurar ulu ta cika masa ƙirji, likita ya ce ya nemi iska. Wata Lahadi ta tsaya tsinkar 'ya'yan daji, ta biyo su da gudu, ita ce ta ƙarshe da ta wuce wani ƙyaure. Da yamma suna gangarowa tasha suka tarar jirgi ya tsaya a tsakiyar hanya. Tumaki ne suka fito suka hau layin dogo. Ta ce ulu ya manne a ƙafafun jirgin, duwatsun layin sun yi ja, wata tunkiya na ta shure-shure ba ta da ƙafafun baya. Manomin ya zo tasha da mushen ɗan rago a kafaɗa, ya jefar a gabansu ya ce, "Ku mutanen birni, wa ya fito ƙarshe?" Mahaifinta ya matse mata hannu har ta ji ƙashin zai karye. Ta ce mini, "Har yau ban sani ba, Arnold. Wani lokaci in ga hannuna na tura sakatar, wani lokaci in ga ban tura ba."

Akwai wahala guda a aikin Wutsiya wadda ba kowa ke lura da ita ba. Ita ba ta taɓa ganin yadda aka tarar da ƙyaure. Kullum a buɗe take samunsa, tunda na gaba sun bar mata. To, manomi kuma yakan bar nasa a buɗe da gangan, don dabbobi su je ruwa su dawo. Saboda haka muke da al'ada. In Clifford ya tarar da ƙyaure a buɗe, sai ya gaya wa na bayansa, "A buɗe yake, a bar shi." Wannan ya gaya wa wancan, maganar ta bi layi baki da baki har ta isa ga Winnie. In ba a aiko da komai ba, ta rufe. Shekara da shekaru haka muke yi, ba a taɓa samun matsala ba.

A ranar da nake ba da labari, mun ci abincin rana a gindin wata tsohuwar matoya inda a zamanin da ake ƙona farar ƙasa. Burodi da cuku, da shayi a fulas. Da muka tashi sai gwiwata ta ƙi. Clifford ya duba agogo, don in jirgin yamma ya wuce ka a irin waɗannan tashoshi, na bayansa sai ka gaji da zama.

Ya ce, "Wutsiya, lallaɓo mana da wannan tsohon kayan. In ya ƙi tafiya ki bar wa hankaki."

Winnie ta ce, "Hankaka ma ai sai ya ga nama yake sauka. Ku je, muna tafe."

Suka yi gaba. Tun muna jin surutunsu har muka daina, tun muna hango jakunkunansu har suka haye wani tudu suka ɓace. Muka ratsa wani fili mai dogayen ciyayi da laka, muka iso wani babban ƙyauren ƙarfe. A buɗe yake wangale, an jingina shi da katangar filin da za mu shiga. Babu kowa a wurin da zai ba mu saƙo. Layin ya tsinke, maganar ba ta da bakin da za ta biyo.

Winnie ta tsaya tana kallonsa. Ni ma na duba. Ciyawa ta tsiro ta cikin ƙarfen ƙasa ta rufe shi. Lakar bakin ƙofar duk sawun kofato ne, wasu sun shiga wasu sun fita.

Na juya yadda za ta ga bakina na ce, "Wannan ya daɗe a haka. Ina jin mai shi ne ya bar shi."

Ta ce, "Na gani."

Ba ta motsa ba. Filin da ke gabanmu gangare ne, a ƙasansa akwai bishiyoyi inda rafi ke wucewa, can bayansu kuma layin dogo na ƙyalli. Daidai lokacin sai ga jirgin kaya yana wucewa a hankali, yana jan taragu masu yawa. Ta nuna da sandarta.

"Ka ga dogo can?"

"Akwai katanga tsakani, Winnie."

"Waccan ranar ma akwai katanga."

Ta jingina sandarta, ta kama ƙyauren ta ɗaga. Ya ƙi, ta sake ɗagawa, ciyawar ta tsinke. Ta ja shi yana kartar ƙasa har ya haɗu da ginshiƙi, ta naɗa sarƙa ta ɗame kamar yadda ta saba. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta yi ajiyar zuciya. Muka fara gangara.

Ba mu yi nisa sosai ba na ji kuka a bayanmu, siriri, daga bayan katangar da muka baro. Wani ya amsa, wani ma ya amsa. Maruƙa ne. Ashe suna kwance cikin dogayen ciyayin nan a gindin katanga, mun wuce su ba mu gani ba. Winnie ba ta ji komai ba, tana ta ba ni labarin wata maƙwabciyarta. Sai daga ƙasa, cikin bishiyoyin rafi, aka amsa musu. Wannan ba siririn kuka ba ne. Na ji shi a cikina kafin in ji shi a kunne.

Na riƙe hannunta na ce, "Maruƙa. Suna bayan ƙyauren. Iyayen suna ƙasa."

Ta dubi bakina, ta dubi ƙyauren, ta dubi bishiyoyin.

Suka fito daga cikin bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba irin shanun tatsa ba ne da suka saba da hannun mutum safe da yamma. Na nama ne, jajaye, manya, masu yini a tudu ba sa ganin kowa. Da farko tafiya suke, sai suka fara sassarfa, kawuna a ƙasa, hantsa na lilo. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalmana. Hanyar da muke kai ita ce hanyarsu.

Winnie ta ja ni gefe har muka dangana da katangar da ta gangara ta hannun dama. Katangar duwatsu ce ba siminti, ta kai mini kafaɗa, an ja waya mai ƙaya a samanta. Ko da ƙafa lafiya, in ka ce za ka hau ta, duwatsun ne za su biyo ka. Shanun suka wuce mu, warinsu da zafin jikinsu suka buge mu, suka je suka taru a ƙyauren. Suna tura shi da ƙirji, suna ruri, maruƙan na amsawa ta ɗaya gefen. Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba. Winnie ma ta ji, don na ga ta sa hannu ta toshe kunnen da ke aiki.

Ta cire usur daga wuyanta ta rataya mini. "Bi katanga ka gangara. Akwai matakalar haye katanga a can ƙasa. Kada ka yi gudu."

"Da wace ƙafar zan yi gudun?"

"To rufe mini baki ka tafi."

Muka fara ja da baya a hankali, kafaɗa na gogar duwatsu. Sai wata daga cikinsu, mai tsagaggen kunne, ta bar ƙyauren ta juyo. Ta tsaya tana kallonmu. Ta sunkuyar da kai, ta karci ƙasa da ƙafar gaba, majina na zuba daga hancinta. Ta tako, ta tsaya, ta sake takowa. Wasu biyu suka juyo suka bi bayanta. A wurinsu mu ne abin da ya shiga tsakaninsu da 'ya'yansu, kuma ba su yi kuskure ba.

Na waiwaya na hango matakalar. Tana can ƙasa, ƙarama kamar ba za a taɓa isa ba. Na ji fitsari na neman kufce mini. Winnie ta dubi matakalar, ta dubi ƙafata.

"Ba za ka kai ba."

"Ke za ki kai. Wuce ki kira su Clifford."

"Ban taɓa wuce kowa ba, ba da kai zan fara ba, tsohon banza." Haƙoranta na haɗuwa tana maganar. "Ni na rufe. Tsaya nan, kada ka motsa."

Kafin in kama rigarta ta juya ta nufi sama. Bayanta na jikin katanga, tana takawa gefe-gefe, tana yi wa shanun magana da ƙarfi kamar yadda kurame ke yi. "Yi haƙuri, uwa. Na ji, na ji. Laifina ne. Ga ni nan zuwa." Mai tsagaggen kunnen ta bar ni ta bi ta. Ta kai mata karo sau ɗaya, kan ya sami katanga, duwatsu suka zubo. Winnie ta durƙushe, ta miƙe, ta ci gaba. Wannan fa ita ce matar da ke tsallake titi don gudun ɗan kwikwiyo.

Daga nan ta shige cikinsu. Ban ƙara ganin jikinta ba, sai hular nan ruwan ɗorawa tana ɓulla tana ɓacewa tsakanin gadon bayan shanu. Na sa usur a baki na yi ta busawa, ban san ko ina taimako ba ne ko ina ƙara harzuƙa su. Na hango hular ta tsaya a wurin ginshiƙi, ta daɗe a wurin. Daga baya ta gaya mini sarƙar ce ta ƙi. Ita ta ɗame ta da hannunta, ga shanu sun danne ƙyauren sun ƙara mata tsauri. Sai da ta jira suka ɗan ja baya, ta zare ta da yatsun da ba ta jin su.

Kuma ƙyauren ta wajen shanun yake buɗewa. Dole ta ja shi zuwa cikinsu, tana tafiya da baya, yana kartar ƙasa. Na ga bakinsa ya rabu da ginshiƙi, na ga yana tafiya kaɗan-kaɗan. Da ya kai rabi, suka ga hanya, suka afka gaba ɗaya. Jikinsu ya kwashi ƙyauren ya maka shi da katanga, ita tana bayansa. Na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Na ji wata ƙarar kuma a ƙarƙashin wannan, wadda ba ta ƙarfe ba ce.

Sai wuri ya yi tsit. Ƙudaje kawai.

Ban san yadda na hau gangaren nan ba. Na same ta a tsaye tsakanin ƙyaure da katanga, ƙyauren ne ya riƙe ta. Shi ya murƙushe ta, shi kuma ya hana a tattake ta. Da na ja shi sai ta sulale ƙasa. Jini na fita ta gefen bakinta, numfashinta na fito da wani irin sauti, ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Ta buɗe ido ta nemi bakina. "Sun shiga?"

"Sun shiga."

"Duka?"

"Duka. Ga su can suna ba 'ya'yansu nono."

"To bar shi a buɗe." Ta rufe ido, ta sake buɗewa. "Dawo ta wannan gefen, wawa. Kana zaune a kunnen da ba ya ji."

Na koma na zauna a laka, na cire rigar ruwana na rufa mata. Wayata ba ta kamawa a wannan kwarin. Shanun na nan kusa, babu komai tsakaninmu da su sai buɗaɗɗiyar ƙofa. Mai tsagaggen kunnen na tsaye, maraƙinta na tsotso, idonta na kanmu. Duk sanda na busa usur sai ta ɗaga kai. In na daina busawa, ba wanda zai zo. In na ci gaba, ban san abin da za ta yi ba. Haka na zauna ina busawa ina kallon saniya, hannuna ɗaya a wuyan Winnie ina lalubar jijiya. Hannunta ya yi sanyi. Sau da yawa numfashin kan tsaya, in ce shi ke nan, sai ya dawo.

Matar mai gonar ce ta fara isowa, a kan babur mai ƙafa huɗu. Sunanta Jean Sunter. Rurin shanun ta jiyo tun daga gida, ta san ba lafiya ba. Ta diro tana faɗa tun kafin ta iso. "Wane mara hankali ne ya rufe mini..." Sai ta ga abin da ke ƙasa, ta haɗiye sauran.

Winnie ta ce, "Ni ce."

Matar ta durƙusa a laka ta tallafi kanta. "Na ji. Yi shiru, uwa, ja numfashi kawai." Ta dube ni ta ce, "Baba, riƙe ta haka, kada ka bari ta motsa." Ta kora shanun can cikin fili, ta hau tudu inda waya ke kamawa. Jirgi mai saukar ungulu ne ya zo ya ɗauki Winnie. Su Clifford suna tasha suka ga wucewarsa, ba su san wa ke ciki ba.

Ta yi watanni a asibiti, har ganyen bishiyoyi ya fara zuba. Haƙarƙari sun karye, ɗaya ya huda huhu, ƙugu ya farfashe. Clifford ya je ya tsaya a gaban gadonta yana kuka kamar yaro, wai da ya sani da ya ajiye mutum a ƙyauren. Ta ce masa, "Share hancinka, Kai. Na ga ciyawar, na ga sawun. Ba rashin saƙonka ne ya sa na rufe ba." Jean Sunter ma ta zo da kwalbar zuma. Abin da Winnie ta fara tambayarta shi ne ko an yanka saniyar. Matar ta ce a'a, saniya ba ta yi laifi ba. Winnie ta ce to madalla, ta juya ta yi barci.

Ni ban sake shiga filin da ke da shanu ba. Bakin ruwa nake bi yanzu, inda hanya ke a shimfiɗe. Ko a talabijin na ji kukan maraƙi, sai in nemi wurin zama. Winnie ta ce ita ba shanun take mafarki ba, sarƙar take mafarki, tana ja tana ja ta ƙi zaruwa.

Yanzu tana Silsden, a gidan 'yar ƙaninta, an ba ta ɗakin ƙasa don ba ta iya hawa bene. Ƙafar ba ta koma daidai ba, da ɗan keken dogarawa take zuwa bakin titi ta dawo. Hankalinta garau, bakinta ma haka. Ina zuwa wurinta ranar Laraba.